Takalma a Hannu

Takalman na fara gani. Ƙofar ofishina a ɗan buɗe take, ina zaune na tallafe kaina da hannu, sai ga Madam Ruth ta gifta ta baranda, takalmanta masu tsini a hannun hagu, fayil a hannun dama, tana taka tayil da tafin ƙafa kamar mai tsoron tada jariri. Cikakkiyar mace, uwar 'ya'ya huɗu, mataimakiyata a sashe. Ko kallon ƙofata ba ta yi ba. Jim kaɗan Isiyaku, jami'inmu mai kula da motoci da kayan sauti, ya wuce shi ma daga shi sai safa. Ku 'ya'yana kun san ni, kun san inda tunanina ya tafi: gidanmu na Kano, inda ba mai wuce ƙofar kakanmu da takalmi. Wani sanyi ya ratsa ni. Na ce a raina, Sa'adatu, yau kam kin zama babba.

Abin da ya sa na ware wa shekarar nan babi guda shi ne maganar da ke yawo a dangi, wadda har na ji Walida ta maimaita ranar sunan ɗanta, wai Abbanku ne ya hana ni kujerar shugabancin sashe don ya ga aiki na neman raba ni da gida. Allah ya jiƙansa, ba ya nan balle ya kare kansa. To ku zauna ku ji yadda aka yi.

Ni da littattafan soyayya na tashi, irin waɗanda ake haya a kasuwa, a ɓoye su cikin littafin makaranta. A cikinsu kullum akwai wani babban mutum, miskili, wanda ba ya dariya. Ofishinsa sanyi kamar cikin firiji, ma'aikata na rawar jiki in ya shigo, ba ya cin abinci sai shayi, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, yana dafe kai yana kallon taga. Ƙawayena duk burinsu su auri irinsa. Ni kuwa burina in zama shi. Don haka da aka ba ni riƙon ƙwaryar sashen shirya taruka a hukumarmu, a Abuja, aka nuna mini ofis mai labule har ƙasa, sai na ji kamar an buɗe shafin da na daɗe ina jira an ce shiga. Ciwon kan da ya fara zuwa mini ma ban ɗauke shi ciwo ba. Ado na ɗauke shi, irin na manya.

A shekarar aka ɗora wa hukumarmu wani babban taro, baƙi daga jihohi, har da na waje. Daraktanmu ya kira ni ya ce in taron ya yi kyau kujerar ta zama tawa, in bai yi ba akwai masu jira. Mutum ne da ba ya kwana da shawara ɗaya. Ya zaɓi zaure da safe, ya soke shi da la'asar, ya kira ki kina tsakiyar cin tuwo ya tambayi abin da ya riga ya tambaya. Duk zafin da ya zubo mini sai in juya in zuba wa na ƙasa da ni, in ƙara da nawa. Ban yarda da hannun kowa ba. Ni ce duba kujeru, ni ce ɗanɗana abincin masu girki, ni ce zaɓen launin labulen dandamali, ni ce kiran direbobi. Wayata a ƙarƙashin matashi take kwana. In na shigo gida, Abbanku yakan miƙe ya ɗan rusuna da wasa.

"Ranki ya daɗe, yau an ba talakawa izinin magana, ko sai an rubuto?"

"Don Allah Abban Sadiq, kaina."

"To, Allah ya ba kan lafiya. Mu ma muna gaishe shi."

Ban taɓa dariya ba, don manyan cikin littafi ba sa dariya.

Ana saura 'yan kwanaki taron, Darakta ya kira ni ofishinsa da safe, a gaban baƙi biyu ya wanke ni tas a kan wani canji da shi da bakinsa ya ba da umarninsa. Ya ce da ya sani da namiji ya ba riƙon. Na dawo ofis a fusace. Kwanakin nan ƙafafuna sun fara kumbura, takalmi na cizo na, sai na zame shi a ƙarƙashin tebur. Na nemi ruwan zafi in haɗiyi maganin ciwon kai, filas ba komai. Maimakon in buga ƙararrawa, na tashi haka nan ba takalmi na nufi ɗan ɗakin da muke dafa shayi. Kun ga ke nan ba wanda ya ji tahowata.

Ina isa bakin ƙofa na ji muryar Madam Ruth. 'Yar Gbagyi ce ta Karu, Hausarta irin ta Abuja, mai gudu, ba ta tsayawa gyara. Ni da ita Turanci muka fi yi, sai jefi-jefi nake jin Hausar tata.

"Ni dai na gaya maka, Isiyaku, taron nan na ƙarewa zan nemi canji. Shi ba ya ci, ba ya barci, ba ya bari wani ya yi. Jiya shi ya ce a kawo kujera fari, yau shi yana ihu wane ne ya kawo fari."

"Madam, rage murya mana," in ji Isiyaku.

"Ba zai ji ba, yana can yana riƙe kai. Kai ma ba ka ce za ka tafi ba? Nafisa ma zai tafi. Wa zai zauna? Wata rana za a buɗe ƙofa a same shi a ƙasa, wallahi, ni ba na so in gani."

Zagin safiya na nan ɗanye a ƙirjina, don haka ko kaɗan ban yi shakkar wanda ake nufi ba. Na ji daɗi har cikin raina, ashe ba ni kaɗai Darakta ya isa ba. Na tura ƙofa na shiga. Isiyaku ya saki cokali. Nafisa, ƙaramar jami'armu mai goyo, wadda ke tsaye a lungu da kofi, ta dafe bango.

"Ku kwantar da hankalinku," na ce. "Ba inda maganar nan za ta je. Ni ma na gaji da shi."

Madam Ruth ta dube ni, ta dubi ƙafafuna, ta daɗe tana kallonsu.

"To Oga," ta ce a hankali, "me shi zai yi?"

Ai kuwa kamar an buɗe famfo. Na ce ya raba aikin nan mana, shi kaɗai Allah ya ba kai? Ya bar mutane su yi kuskurensu su gyara da kansu. Ya kashe wayar nan in an yi isha'i, duniya ba za ta tashi ba. Ya zauna ya ci abinci kamar ɗan Adam. Ya je likita ya auna shi, don wannan jan idon nasa ba na lafiya ba ne. Ina faɗa ina ƙara murya, Isiyaku na kallon silin kamar mai neman ƙofar fita ta can.

"Ni wallahi matarsa nake tausaya wa," na ƙarasa.

Na buɗe mata hanyar tsira, kun gani. Da ta ce haka ne Oga, shi ke nan an wuce wurin, har abada ba zan sani ba. Sai ta ajiye kofinta ta goge hannu da gefen zaninta.

"Ba mata ba, Oga," ta ce. "Miji. Mijin shi. Ranar da ya kawo shi ofis na gaishe shi, mutumin kirki."

A bakin Madam Ruth babu ita, kowa shi ne, mace da namiji. Na sha ji ta ce Nafisa ya zo, ban taɓa ajiye abin a raina ba. Yanzu ma da kunnena na ji ta ce Nafisa zai tafi. Na tsaya da ƙwayar magani a tafin hannu, ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. Wanda ba ya ci, ba ya barci, wanda za a samu a ƙasa, ni ce. Takalman da ake cirewa kuwa ba irin na ƙofar kakanmu ba ne. Tun ranar da na daka wa Nafisa tsawa a kan ƙarar takunta suka fara lallaɓawa.

Na juya na koma ofis na murɗa makulli. Abin da ya fara zuwar mini shi ne yadda zan sa a ɗauke matar nan a jefa ta wani sashe kafin azahar. Na ɗauki waya don in kira ofishin ma'aikata, sai lambobin suka rabu biyu a idona. Wasu 'yan taurari suka riƙa yawo a gefen ganina, ƙeyata ta yi nauyi kamar an ɗora mini turmi. Na tuna ƙofa a kulle take, na tuna abin da ta ce za a samu in an buɗe. Da rarrafe na isa na zare makullin. Abbanku na kira.

Likitan da ya duba ni ya auna jinina, ya sa aka kawo wani abin awon ya sake. Ya tambayi ko ni na tuƙo kaina. Ya ce ba zai ɓoye mini ba, mutanen da ake kawo masa ɓarin jiki a shanye da yawansu da ƙafarsu suka fara zuwa, da irin wannan awon. Ya so ya kwantar da ni. Na ce ina da taro. Ya ce taron ma yana da ni, amma in na faɗi wata za a kira. Da ƙyar ya sallame ni bayan an ba ni magani na ɗan kwanta, da sharaɗin in riƙa zuwa awo.

Da muka fito Abbanku bai nufi gida ba, sai ya bi ta bakin tafkin Jabi ya tsaya. La'asar ta yi sanyi, masu gasa masara na fifita wuta, wasu samari na tura ƙaramin jirgin ruwa. Shekara nawa ina Abuja, ruwan nan ta tagar mota kawai na san shi. Na kwashe labarin ɗakin shayi na faɗa masa, ina jira ya tayar da jijiyar wuya a kan rainin da aka yi wa matarsa. Sai ya kifa kai a sitiyari yana dariya har da hawaye.

"Mijin shi! Ashe an san da ni a hukumar nan."

"Abin dariya ne ma?"

Ya share ido, dariyar ta ɗauke. "A ofis takalmi suke cirewa. A gida mu sauti muke cirewa. Yaushe rabon da ki ji ƙarar talabijin a gidanki? Walida bakin mutanen ciki take kallo tana cankar abin da suke faɗa. Sadiq a gidan maƙwabta yake ajiye ƙwallonsa."

Na juya ina kallon ruwa don kada ya ga fuskata.

"Ni ban ce ki bar aiki ba, kuma ba zan ce ba," ya ce. "Na san tun yaushe kike mafarkin kujerar nan. Amma kin rubuta wa mutumin nan magani mai kyau, Sa'a. Ki ba shi ya sha."

Abin da ya faɗa ke nan, daga farko har ƙarshe. Ku riƙe shi, ku gaya wa duk wanda ya sake cewa shi ya hana ni.

Washegari na tara su a ofishina. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya suna raɓe-raɓe, Madam Ruth a gaba, fuskarta a shirye da duk abin da zai zo. Na ce kowa ya koma ya sako takalminsa tukuna. Da suka dawo na raba aikin. Zaure da tarbar baƙi na Madam Ruth, motoci da wuta da sauti na Isiyaku, abinci na Nafisa, kuma ta tashi da la'asar ta je wa jaririnta. Na ce duk abin da ya taso a ɓangaren mutum ya yanke, ya gaya mini daga baya. Isiyaku ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare.

"Hajiya, ko da kuɗin haya ne ya taso?"

"In dai cikin abin da aka ware maka ne, kada in ji."

"Oga," in ji Madam Ruth, "shi ya je asibiti?"

"Ya je."

"To madalla. Yau shi zai ci abinci da mu."

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Hannuna ya riƙa ƙaiƙayi. In ga Nafisa ta zaɓi farantin da ba shi zan zaɓa ba, in cije leɓe in kau da kai. Ranar farko da na kashe waya bayan isha'i ji na yi kamar na bar yaro a tasha. Da safe kuwa na tarar Darakta na nemana. Ya ce ya kira ni bai samu ba. Na ce likita ya sa mini doka, amma na bar lambar mai jiran aiki na kowace rana a teburin sakatarensa. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce ya yanke shawara duk ma'aikatan sashena su tare a otal ɗin taron, a can za su riƙa kwana har a gama. Na ce masa akwai mai goyo a cikinsu, akwai masu zuwa daga Karu da Durumi da suka yi makonni ba su ga 'ya'yansu a farke ba, na tsara musu karɓa-karɓa, kuma aikin zai fi kyau a hannun wanda ya yi barci.

"Hajiya Sa'adatu, kin san riƙo kike yi?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Kujerar nan ba ta masu ciwon kai ba ce."

"Allah ya ba da sa'a a yi taron lafiya, ranka ya daɗe."

Na fito na jingina da bangon baranda har numfashina ya dawo.

Ranar taro, babban baƙo ya iso tun kafin lokacin da aka sanar, zaure bai gama cika ba. Yana hawa dandamali, ya buɗe baki, wuta ta ɗauke. Duhu, zafi, surutu ya fara tashi. Na hango Darakta ya miƙe yana waige-waige, ni yake nema. Na yunƙura zan ruga, ban ma san ina zan nufa ba, sai na ji hannu mai nauyi a kafaɗata.

"Oga, shi ya zauna," in ji Madam Ruth a kunnena. "Ba aikin shi ba ne."

Na zauna. Ƙeyata na bugawa, na riƙe kofin shayin da wata ta miƙo mini da hannu biyu don kada ya zube. Ban gama karanta abin da ya zo bakina na addu'a ba, fitilu suka kawo, lasifika ta yi ƙara ta daidaita. Ashe Isiyaku ya gwada injin otal ɗin tun kwana biyu kafin nan bai gamsu ba, ya yi hayar wani ya ɓoye a bayan zaure, bai tambayi kowa ba. A da sai ya jira ni, ni kuma da ina can ina faɗa a kan labule. Madam Ruth ta riga ta cike kujerun gaba da baƙin da ke shan shayi a waje. Nafisa ta fito da abinci da zafinsa. Taron ya yi kyau har baƙi na tambayar wa ya shirya.

Amma abin da Darakta ya gani da fitilu suka dawo shi ne ni a zaune da kofin shayi. Bayan mako biyu ya kira ni, ya ce taro ya yi armashi, ya kuma lura yarana ne suka yi aikin, ni ina hutawa. Aka kawo wani daga wani sashe aka ba shi kujerar. Ni aka mayar da ni sashen horar da ma'aikata, wani ɗan ofis kusa da matakala, ba labule. A littafi da a shafin ƙarshe an gano gaskiya, an kira ni an ba ni haƙuri a gaban jama'a. Ba a kira ni ba. Na yi kuka sosai a cinyar Abbanku, kuma na daɗe ba na bin barandar nan. A wannan ɗan ofishin na yi ritaya. Amma a shekarar na fara jin muryar Walida tana rera waƙa a banɗaki, a shekarar Sadiq ya fasa mini gilashin taga da ƙwallo. Da ƙafafuna na je bikin kowannenku, da hannuwana biyu na yi jinyar Abbanku har Allah ya karɓi abinsa.

Madam Ruth ba ta nemi canjin ba, ta ce dole wani ya tsaya ya kare yaran daga guguwar manya. Shugabanni suka zo suka wuce ta kanta. Bayan na bar aiki da wasu shekaru, sai ga wayarta, wai an tabbatar mata da kujerar, lallai in zo in gani. Na je. Tun daga matakala nake jin ƙwas-ƙwas na takalma da shewa. Ƙofar ofishin a buɗe take har bango, an ɗage labulen, tana zaune a kujerar da na yi mafarki, furfura ta fito mata a goshi, ita da Nafisa sun sa kular abinci a tsakiya. Na tsaya a bakin ƙofa, na sunkuya na kama takalmina kamar zan cire.

"Oga! Kar shi ya fara!" ta daka mini tsawa, ta taso da gudu ta rungume ni. Ta ja da baya ta dubi idona, ta dubi ƙafafuna. "Yaya shi? Yana shan magani?"

"Yana sha," na ce. "Yana barci ma."